Laktayen Aro a Wuyan Baba

Shekarar da ake ta haramar samun 'yancin kai, ana dab da sauke tutar Turawa, aka bugo wa babana wayar tangaraho daga Kano cewa mahaifiyarsa tana kwance, ta daina cin abinci, kuma ba ta da magana sai kiran sunansa. Ƙanensa ne ya bugo. Masinja ya kai takardar rumfar goronsa da ke Alabar, a cikin Kumasi, aka nemo mai karatun boko ya karanta masa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya rufe huhun da yake tsincewa, ya taho gida tun rana ba ta yi tsaka ba. Ina gidan ranar, na kawo wa Inna wata atamfa da ta sa in nemo mata. A lokacin ina da aure da 'ya'yana, ina fataucin atamfa tsakanin Kumasi da Ankara ta bakin teku, shi ya sa duk abin da ya shafi tafiya ko Turanci a gidanmu a kaina yake ƙarewa. Turancin nawa na kasuwa ne, amma yana kai ni inda za ni.

Baba ya bar gida yana saurayi. Ya biyo fatake da jakuna zuwa Gwanja, ya zarce Kumasi, ya zauna. Ya haura shekara talatin bai koma ba. Kowace shekara sai ya ce baɗi, in goro ya yi kyau. Goro ya yi kyau, ya lalace, ya sake yin kyau, Baba yana nan. Sunan tsohuwar aka sa mini, don haka tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Mun daɗe da jin labarin idanunta sun tafi, kuma wannan shi ne abin da ke cin ransa. Ko ya iske ta da rai, da me za ta gane shi har ta yafe masa? Ya tafi ba gemu, yanzu gemun ya yi furfura. Harshensa ma zaman Zango, unguwar Hausawan Kumasi, ya karya shi, yana magana yana jefa Tuwi, yaren Asantawa, bai ma san ya jefa ba.

Abu ɗaya yake da shi da ya dogara a kai, wata babbar riga saƙi. Tsohuwar ce ta kaɗa zarenta da hannunta, ta kai wa masaƙa, aka ɗinka, ta aiko masa ta hannun fatake tun ina goye. Ba ya sa ta sai da Salla. Ya ce duk macen da ta iya kaɗi tana gane zarenta da yatsa ko a cikin duhu, don haka da wannan rigar zai durƙusa gabanta, ta shafa ta ji.

Tafiyar ƙasa ba ta ma taso ba. A bi bakin teku da mota har Ikko, sannan a hau jirgin ƙasa a yi arewa, tsohuwar da ta daina cin abinci ba za ta jira wannan ba. Abokan cinikinsa suka ce sai jirgin sama, domin babban jirgin da ke tashi daga Ankara zuwa Ingila yana sauka Kano ya sha mai. Suka haɗa kuɗin a tsakaninsu, ni da Baba muka nufi Adum, ofishin da ake sayar da tikiti.

Har yau in na rufe ido ina ganin akawun nan. Yaro ne ƙarami, ya tsaga gashi a gefe ya shafe shi da mai har yana ƙyalli, ga fanka a kansa tana juyawa, mu kuwa ko kujera bai nuna mana ba. Ya ce kujerun talakawa sun cika maƙil har na makonni, 'yan makaranta da ma'aikata masu tafiya hutu sun kwashe. Saura kujera ɗaya a fas kilas, wurin manya, a jirgin da zai tashi jibi. Na gaya wa Baba, ya ce a yanka. Sai da aka gama rubuta tikitin, sannan yaron ya ɗago ya kalli Baba tun daga hula har fatun takalminsa, ya ce mini in fassara da kyau, fas kilas tana da dokar sutura. Namiji sai da kwat da wando, da shat mai kwala, da takalmi sau-ciki, da laktaye, igiyar wuyan nan ta Turawa.

Na ce da shi a ina aka taɓa yin haka, mutum ya biya kuɗinsa kuma a zaɓa masa riga? Na ce ya dubi dattijon da ke gabansa, limamin masallacin lungunmu ne, sarakai ma da irin rigarsa suke zama. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba shi ya kafa dokar ba, akwai Bature a filin jirgin Ankara, shi ke duba mutane. In ya ga dama ya bar ka, in bai ga dama ba jirgi ya tashi ya bar ka tsaye, kuma ba wata kujerar. Wallahi na buɗe baki zan wanke shi tas, Baba ya taɓa gefen mayafina. Muka fito.

Muka taho daga Adum har gida. Da muka shiga ya zauna bakin gado, ya ce wando zai iya, kwat ma ya ji, amma igiya a wuya, a gidansu ba a yi. Na ce Baba ai ba igiya ba ce, ƙyalle ne, kowane ɗan akawu yana ratayawa. Ya tashi ya fita masallaci. Inna ce ta ja ni madafa ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Tsohuwar tana yarinya, zamanin da ake kai hari ƙauyuka ana kama mutane, aka kama yayanta a gona. Tana ɓoye cikin dawa ta ga an wuce da su a jere, igiya ɗaya ta bi wuyansu duka. Ba a sake ganinsa ba. Tun daga nan ko akuya ba ta yarda a ɗaure a wuya a gidanta, sai a ƙafa, kuma da haka ta reni 'ya'yanta. Nan na tuna awakinmu duk a ƙafa ake turke su, ni da na ɗauka haka kowa yake yi.

To, amma jirgi ba ya jin wannan labari. Na zauna na yi ta juya abin, har dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka na fi kowa wayo a Kumasi. Na ce ya sa kayan Turawan daga ciki, ya ɗora rigar saƙin a kai, ya naɗa rawani ya rufe wuya. Duk Zango za su gan shi yadda suka saba. In mun je filin jirgi mu fara gwadawa da rigar, in Baturen ya bari shi ke nan. In ya ƙi, ya tuɓe ta na ɗan lokaci, da ya sauka Kano ya mayar. Da ya dawo daga masallaci na shimfiɗa masa maganar. Ya yarda, amma ya ce, “Uwata, kada kowa ya sani.”

Kayan kuma a wurin wa? Bayan katangarmu akwai wani Ba'asante da ke haya, malamin makarantar mishan, kowa Ticha yake ce masa. Ba ma shiri sosai, don awakinmu sun taɓa cinye masa furannin da ya shuka a gwangwani, ni kuma maimakon in ba shi haƙuri na tambaye shi wane ne ke shuka abin da ba a ci. Da wannan fuskar na je na yi masa sallama. Na gaya masa komai a tsaye. Bai ce mini komai game da furanni ba. Ya shiga ɗaki ya fito da kwat da wandonsa na zuwa coci, ruwan toka, da farar shat da aka sa wa sitaci, da takalmi baƙi, da laktaye ja mai ɗigo-ɗigo. Ya ce shi ma yana kwaleji a bakin teku tasa uwar ta rasu, bai iske ta ba. Matsalar ɗaya, Ticha siriri ne, Baba kuwa mutum ne mai ƙirji. Inna ta farke wandon ta baya ta ƙara masa ƙyalle, kwat ɗin dai ba abin da za a yi masa.

Kafin la'asar labarin tafiyar ya gama Zango, kuma kun san mu da saƙo. Duk wanda ke da ɗan'uwa daga Kano har Katsina sai ga shi da ƙulli. Wannan goro, wannan sabulu, waccan turmin atamfa na 'yar ƙanwarta da za ta yi aure. Wata tsohuwa har da daddawar da ta ce a kai wa yayarta ta ɗanɗana ta nan, a kai daddawa Kano, don Allah ku ji. Akawun ya riga ya gaya mana iyakar nauyin akwati, na aro sikelin mai gishiri na ajiye a tsakar gida. Baba kuwa ba ya iya cewa a'a ga mai saƙo. Duk ƙullin da ya shiga, sai ya zare rigarsa ɗaya daga akwatin. Na yi faɗa, na ce shi zai tafi ganin uwarsa ko shi ne motar kayan unguwa? Ya ce mutanen nan su ma suna da iyaye a can, kuma shi yana da riga a jikinsa, in ya isa gida ba zai rasa abin sawa ba. Da aka rufe akwatin babu ko taguwarsa ɗaya a ciki.

Washegari da sassafe Ticha ya shigo kafin ya wuce makaranta, aka rufe ƙofar ɗaki, daga ni sai Inna. Baba ya sa shat, ya sa wando, yana tsaye kamar wanda za a yi wa kaciya. Ticha ya gwada ɗaura laktayen ta gaba ya kasa, don bai taɓa ɗaura wa wani ba sai kansa, dole ya zagaya bayan Baba ya miƙo hannuwa ta kan kafaɗunsa. Da ƙullin ya zauna, Ticha ya ja shi har ƙarƙashin gemu, ya nuna siririn bakin da ke ciki ya ce kada a ja wannan, in an ja duka zai warware. Ya dubi agogo ya fita da sauri. Mu kuwa muka riƙe maganar nan tamkar doka. Babu wanda ya iya ɗaurawa a cikinmu, Baba kuma ya rantse ba wani mahaluki a Ankara da zai ga wuyansa balle ya gyara masa. Ashe ana iya sassauta abin a zare shi ta kai da ƙullinsa, a mayar in an tashi. Sai bayan shekaru na ga ɗana yana yi, na zauna na yi ta kallonsa kamar in yi kuka.

Aka ɗora kwat, aka ɗora rigar saƙi, Baba ya ɗauko rawaninsa ɗan Kura, baƙin nan mai ƙyallin shuni, ya naɗa ya zagayo da shi wuya har ya rufe kwalar. Takalmin na ƙunshe cikin kayana. Rabin unguwa suka rako mu tashar jirgin ƙasa. Ana ta yaba rigar, wani yana cewa Malam ya yi ƙiba, wani yana cewa ai zumuɗin gida ne. Duk wanda ya matso zai rungume shi sai in tsaya tsakani ina cewa a yi haƙuri jirgi zai tashi. Wani abokinsa mahauci ya dafa kafaɗarsa, ya ji tauri, ya tambaya ko layu ne ya yi damara da su saboda jirgin sama. Baba ya ce, “Kusan haka.”

Tafiyar yini guda ce zuwa Ankara, kuma ban taɓa ganin mutum ya sha wuya a zaune irin ta ranar ba. Tarago cike, ga masu kaji, ga masu buhunan rogo, iska ba ta shigowa sai tururi. Gumi ya riƙa tsiyaya daga gemunsa. Na saya masa dokunu, tuwon masarar mutanen ƙasar, da kifi a wata tasha, ya kai loma ɗaya, ta tsaya masa a wuya, ya ajiye. Wata Maame, dattijuwar Ba'asantiya, da ke fuskantarmu ta yi ta ce mini da Tuwi in sa tsohon ya rage kaya kada ya suma. Na ce mata sanyi yake ji. Ta kalle ni, ta kalli taga. Alwala kuwa sai da na tsaya na kare shi da mayafina a bayan tasha, yana fama da hannun riga da na kwat da na shat, kwat ɗin ya ƙi naɗuwa ya wuce gwiwar hannu sai da ya cire hannu ɗaya daga ciki. Na ce ya bari in ɗan sassauta masa ƙullin ko kaɗan ne. Ya riƙe hannuna ya ce in ya warware fa, wa zai mayar?

Muka sauka gidan wani ɗan garinsu a zangon Ankara. Baba ya ƙi tuɓewa, ya ƙi kwanciya, ya kwana a zaune jingine da bango. Da safe maigidan yana ta gaya wa mutane irin ibadar baƙonsa.

Hantsi muka isa filin jirgi. A cikin motar haya na sa masa takalmin, na ɗaure igiyoyin yadda nake ɗaure bakin buhu. Zauren babba ne, ƙasa tana santsi, Turawa zaune da matansu suna shan abu a kofunan gilashi. Aka auna akwatin, aka ɗora shi a kura aka tafi da shi. A bakin ƙofar fita wurin jirgi akwai kanta, bayanta ga Baturen da aka ce. Jama'a, gajeren wando ne a jikinsa. Gwiwoyinsa a waje, jajaye, da doguwar safa kamar ɗan firamare. Wannan ne zai duba ko ubana ya yi shigar mutunci.

Muna nan sai ga wani babban mutum na gwamnati ya shigo ya yafa kente, zanen Asantawa, kafaɗa ɗaya a buɗe, mutane suna bin sa da jakunkuna. Baturen ya miƙe har da murmushi, ya buɗe masa ƙofa. Raina ya yi fari, na ce Baba tashi, wanda ya wuce da kafaɗa tsirara ma an bar shi. Muka matsa, na miƙa tikiti. Baturen ya duba tikitin, ya duba Baba, ya sake duba tikitin. Bai yi mana magana ba, ya juya ga wani akawu da ke gefensa ya ce a gaya wa mutumin nan ba a shiga fas kilas da rigar barci.

Na ji da kunnena, ban jira fassara ba. Rigar da tsohuwa ta kaɗa zarenta, ita ce rigar barci. Na ce masa da Turancina na kasuwa wancan da ya wuce fa, mayafin gado ya yafa ko me? Na ce shi da ya fito da gwiwa a waje gaban matan mutane, shi ne mai koya wa wani sutura? Fuskarsa ta ƙara ja, ya ɗora hannu kan tikitin ya janye shi gefensa, ya ce wa akawun wata magana da na ji ɗan sanda a ciki. Nan na gane bakina yana shirin cinye wa Baba jirginsa. Baba bai ji Turancin ba amma ya ga hannun. Ya ce mini a hankali, “Uwata, ya isa. Ba shi haƙuri.” Na ba shi haƙuri. Ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci irin wannan ba. Ya turo tikitin da ɗan yatsa, ya ce in akwai kwat a zo da kwat.

Muka koma gefe. Na ce Baba tuɓe kawai mu wuce wurin, ya ce ba a gaban matan nan ba, a bari su fita. Na nemi wani lungu, ko'ina da mutane, makewayin ma an rubuta na wasu ne. Aka fara kiran fasinjoji. Ya ce azahar ta yi, zai yi salla tukuna. Ya fita bayan zauren ya shimfiɗa ɗankwalin da na ba shi, ni ina tsaye ina leƙen ƙofa, ina ganin layin yana raguwa, ina jin wandon Ticha yana ƙara duk sanda ya yi sujada. Ban taɓa jin haushin salla ba sai ranar, Allah Ya yafe mini. Kafin ya sallame an tada injin jirgin, ƙarar ta cika ko'ina.

Muka shigo zauren ba kowa sai masu shara da Baturen yana tattara takardunsa. Baba ya tsaya gaban kantar, ya warware rawanin ya miƙo mini, ya bar 'yar jar dara a kansa. Ya kama rigar ta wuya ya zare ta ta kai, ya ɗora mini a hannu. Na dube shi. Mun manta da halin ɗan Kura. Shuninsa da a wurinmu ado ne in ya taɓa fatar mutum, gumin kwana da yini ya narkar da shi, ya rine kwalar Ticha da gaban shat ɗin shuɗi fal, har jan laktayen ya koma wani iri. Kwat ɗin ya yamutse, ya ɗame shi a hammata, hannuwan sun tsaya can sama da wuyan hannu. Ubana, limamin lungunmu, yana tsaye a haka, idonsa a ƙasa. Ƙullin dai yana nan daram inda Ticha ya bar shi.

Baturen ya daɗe yana kallon kwalar. Na cije leɓena har na ji gishirin jini. Ya kalli agogonsa, ya kalli jirgin ta taga, sannan ya buga hatimi ya ce a yi sauri. Akawun ya kama hannun Baba ya ja shi, ɗan sanda ya buɗe ƙofa ya rufe a fuskata. Baba yana gudu-gudu cikin takalmin da bai iya tafiya da shi ba, iskar farfela tana kaɗa kwat ɗin. Sai da ya kai rabin fili na ji nauyi a hannuna, na duba, riga da rawani suna rungume a ƙirjina.

Na yi ihu, na ɗaga rigar sama, na roƙi ɗan sandan da Hausa da Tuwi da Turanci. Ya ce ba a wucewa. Ban san ko Baba ya ji ni ba ko shi ma tunawa ya yi, amma ya tsaya cak ya juyo. Ya kalli rigar. Ya kalli matakalar jirgin, an riga an kama ta za a janye, wani yana yafuto shi daga sama. Ya yi taku ɗaya wajena, sannan ya juya ya hau. Na tsaya jikin ƙarfen shingen filin har jirgin ya ɓace, na dawo Kumasi da rigar a cinyata, ina kuka ina zagin kaina da Baturen da masu saƙo gaba ɗaya.

Bayan kwanaki aka bugo waya cewa tsohuwa ta rasu, kuma ya iske ta. Iyakar abin da wayar ta ce ke nan. Muka yi zaman makoki a nan, ni kuwa tambaya ɗaya ta hana ni sakat, ko ta gane shi.

Sai da aka yi sadakar arba'in ya dawo, ta ƙasa, sanye da rigar ƙanensa. Da 'yan gaisuwa suka ragu ya kira ni da Inna ɗaki, ya ba mu labarin, kuma daga ranar bai sake ba da shi ba. Ya ce ƙanen nasa yana jiransa a filin jirgi da mota, ya ce masa babu lokacin tsayawa ko'ina, tun safe take shiga tana fita. A haka ya shiga gidan, mata suna leƙe suna tambayar wane ma'aikaci ne. Ya durƙusa bakin tabarmarta ya yi gaisuwa, ta ce ba ta san muryar ba. Ta miƙo hannu ta shafa fuskarsa, ta shafa gemun. Hannun ya gangaro yana neman riga, ya ci karo da kwala. Ya ce yana ji yatsunta suka sauka kan ƙullin, suka tsaya.

Ta ce, “Wa ya ɗaure mini ɗa?”

Ya fara yi mata bayanin jirgi da doka, ba ta saurare shi ba. Ta sa a tada ta zaune, matar da ta yi kwanaki ba ta iya ɗaga kai. Ta kama ƙullin da hannu biyu. Gumi ya riga ya ƙanƙame shi ya yi tauri, ƙanen nasa ya ce a kawo wuƙa, ta ce kada wanda ya kawo ƙarfe kusa da wuyansa. Ta yi ta tsinkar abin da farce, tana hutawa tana komawa, kansa yana sunkuye a cinyarta, hawayensa suna zuba a zanenta. Da ya warware ta zare shi ta yar gefe, ta shafa wuyan ta ko'ina, ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Washegari da hantsi ta cika.

Na ɗauko rigar saƙin, na riga na wanke ta na ninke, na ajiye a gabansa. Ya ɗora hannu a kai ya ce in mayar akwati, ba komai, ba ta buƙace ta ba.

Da yamma muka zagaya wurin Ticha da kwat da wando da takalmi, da sabuwar shat da na sayo a Adum maimakon wadda ta rine. Laktayen yana hannun Baba, duk ya yamutse, da alamar farce a jikinsa. Ya roƙi Ticha ya bar masa shi. Ticha ya ce ya bar masa har abada, ya miƙo hannu ya ce bari ya ɗaura masa ƙullin ya ajiye, ko wata tafiyar za ta taso. Baba ya janye hannunsa ya ce, “A'a, Ticha. Bar shi yadda ta bar shi.”

Ya rataye shi a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakinsa, kusa da carbinsa. Yana nan a warware har Baba ya rasu.